Yadda jinin agwagwar daji ke tona asirin murar tsuntsaye

Wanda yake son ya san da wa ƙaninsa ke yawan magana a waya yana da hanya biyu. Ko dai ya ritsa shi waya na kunne, ko kuma ya karɓi wayar ya buɗe tarihin kira, ya ga lambobin da suka shigo jiya da shekaranjiya. Hanyar farko sai an taki sa'a. Ta biyu kuwa, ko an makara za ta ba da labari. Kusan haka likitocin dabbobi ke yi wa agwagin daji idan suna bin sawun murar tsuntsaye. Akwai gwajin da ke neman ƙwayar cutar kanta a jikin tsuntsu, akwai kuma gwajin jini, wanda ke neman alamar da cutar ta bari bayan ta wuce.

Maganar ba ta yi wa ƙasar Daura nisa ba. A ranar 8 ga Fabrairu, 2006 aka tabbatar da ɓullar nau'in H5N1 a gonar kaji ta Sambawa da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko ke nan da aka ga wannan nau'i a kajin Afirka. Kaji wajen 40,000 suka mutu a wannan gona kaɗai. Kafin watan ya ƙare sai ga sanarwa daga Nijar cewa an sami cutar a agwagin gida a Magarya, garin da tazararsa da Daura ba ta kai kilomita 100 ba, kuma mutanen Zango da Baure sun san hanyarsa kamar yunwar cikinsu. A watan Yulin 2008 cutar ta sake bayyana a jihohin Kano da Katsina. A farkon 2015 ta dawo ta Kano da Legas, cikin wannan shekarar ta taɓa Maraɗi. A 2021 ma an sake fama da ita a jihohi da dama. Duk matashin da ya tara kuɗi ya zuba kaji ɗari biyu a bayan gida, yana tallar su a WhatsApp da Facebook gabanin sallah, jarinsa ne ake magana a kai.

Me ya kawo agwagwar daji ciki?

Tsuntsayen ruwa, musamman dangin agwagwa, su ne asalin mazaunin ƙwayoyin murar tsuntsaye. Mafi yawan nau'o'in da suke ɗauke da su masu sauƙi ne: ƙwayar cutar ta zauna a hanji, ta fita cikin kashi ta shiga ruwa, wata agwagwar ta sha ta ɗauka, ba tare da ko ɗaya ta nuna alamar ciwo ba. Ana rarrabe ƙwayoyin ne da wasu ƙusoshi iri biyu da ke bayan jikinsu, waɗanda aka yi wa laƙabi da haruffan H da N. A tsuntsaye an daɗe da sanin H iri 16 da N iri 9, daga nan ake samun sunaye irin H5N1, H5N8 da H9N2, kamar dai lambar samfurin waya. Biyu daga ciki, wato H5 da H7, su ne abin tsoro, domin idan suka shiga garken kaji suna iya rikiɗewa su zama masu kisa, su share keji cikin kwana biyu ko uku.

Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar kuwa masauki ne. Daga wajen Oktoba, agwagin da suka yi ƙwai a Turai da yammacin Rasha kan tsallako Sahara su sauka a dausayoyin Sahel, su zauna har zuwa Maris ko Afrilu. A nan suke cuɗanya da 'yan gida irin su kirinjijiya da ɗinya da kwarwa, waɗanda ba sa barin Afirka amma suna bin ruwa duk inda ya kwanta. Babbar matattarar da ta fi kusa da Daura ita ce dausayin Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe, kimanin kilomita 200 gabas, wanda a wurin agwagwa tafiyar 'yan sa'o'i ce. A cikin masarautar kanta da kewayenta akwai madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam, ga fadamu da tafkuna da ke riƙe ruwa bayan damina. Irin waɗannan wurare ne tsuntsun daji ke sauka ya sha, agwagwar gida ta zo ta yi iyo, da yamma ta koma ta ci a kasko ɗaya da kaji da zabi.

Gwajin auduga da inda ya gaza

Hanyar farko ita ce a kama tsuntsu da raga, a goga tsinken auduga a maƙogwaronsa da duburarsa, a jefa cikin 'yar kwalba mai ruwan adanawa, a sanya a sanyi. A ɗakin gwaji sai a yi amfani da na'urar PCR, wadda aka ji sunanta sosai a lokacin korona. Aikinta shi ne ta nemo guntun ƙwayar halittar cutar ta riƙa kwafinsa, ninki kan ninki, har ya yi yawan da za a iya gani a allon kwamfuta. Gwaji ne mai kaifi, kuma idan ya ce akwai, to a wannan lokacin akwai.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci. Agwagwar da ta kamu ba ta daɗewa tana zubar da ƙwayar cutar. Kwanaki ne, da wuya su wuce mako biyu. Idan ragar ta kama ta bayan haka, auduga za ta fito wayam. A farkon 2006, lokacin da duniya ke zargin tsuntsaye masu ƙaura da kawo H5N1 Afirka, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tare da cibiyar binciken Faransa CIRAD da ƙungiyar Wetlands International, suka gwada tsuntsayen ruwa sama da 4,000 a ƙasashen Afirka da dama. Kimanin kashi 3.5 cikin 100 ne kacal aka samu da wata irin murar tsuntsaye, kuma ba a ga H5N1 mai kisa ko a guda ɗaya ba.

Lissafin ma da kansa yana nuna wahalar. A ce tsuntsu ɗaya cikin ɗari ne ke ɗauke da cutar a ranar da aka je. Kafin a sami tabbacin kashi 95 cikin 100 cewa za a ci karo da ko guda, sai an kama wajen 300. Wanda ya taɓa bin agwagwar gida a tsakar gida ya san kama 300 na daji ba wasa ba ne. Amma a ce kashi 30 cikin 100 na garken sun taɓa kamuwa a watannin baya kuma jininsu na riƙe da alama, to tsuntsu tara sun isa a kai wannan tabbacin. Wannan tazarar ce ta sa ake ɗibar jini.

Abin da ke cikin jinin

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwar jikin tsuntsu kan ƙera wasu sinadarai na musamman da likitoci ke kira antibodi. Kowane iri an yanka shi ne daidai da ƙwayar da ta jawo shi, kamar makulli da kwaɗonsa. Sukan fara bayyana bayan kamar mako guda zuwa kwana goma, su ci gaba da yawo a jini makonni ko watanni bayan cutar ta tafi. Su ne tarihin kiran.

Ɗibar jinin ba ta kashe tsuntsu. Akan buɗe fiffike a nemi jijiyar da ke ƙarƙashinsa, ko ta wuya, ko ta ƙafa, a zuƙi kaɗan da ƙaramin sirinji. Ƙa'idar ita ce kada a wuce kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin tsuntsun. A aikace mililita ɗaya ko biyu sun wadatar. Daga nan a auna nauyinsa, a rubuta jinsinsa, mace ne ko namiji, ɗan bana ne ko babba, a maƙala masa zobe mai lamba a ƙafa, a ɗauki lambobin GPS na wurin, a sake shi. Da can a takarda ake rubuta duk wannan. Yanzu manhajojin tattara bayanai irin su KoboToolbox da ODK suna yi a wayar Android ko ba intanet, su tura idan an sami sabis.

Jinin kuma a bar shi ya daskare, sannan a sa a na'ura mai juyi da gudu, ta raba gudan jini da wani ruwa mai ɗan rawaya da ke tasowa sama. A cikin wannan ruwan antibodi suke. Shi ake zubawa a ƙananan kwalabe a saka a kula mai ƙanƙara. A zafin Afrilu irin na Daura, kular da ta narke a hanya tana iya ɓata aikin mako guda, domin Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa, NVRI, da ke Vom kusa da Jos, inda ake tabbatar da murar tsuntsaye a Nijeriya, tafiyar kusan wuni ce a mota. Don rage wannan fargaba wasu masu bincike kan ɗiga jinin a wata takarda ta musamman su shanya, ta yadda za a ɗauke shi a ambulan.

A ɗakin gwaji matakin farko shi ne ELISA. Faranti ne na roba, faɗinsa bai fi na babbar waya ba sosai, mai ƙananan ramuka 96. An riga an shafe gindin kowane rami da wani ɓangare na ƙwayar cutar wanda duk nau'o'in murar tsuntsaye suke da shi. Sai a ɗiga ruwan jinin kowace agwagwa a raminta. Idan tana da antibodi, za su maƙale a wuraren su tsare su. Bayan an wanke, sai a zuba wani antibodi na kamfani mai ɗauke da sinadarin da ke canza launi. Ramin da antibodin agwagwa suka riga suka cika, na kamfanin ba zai sami wurin zama ba, launi ba zai fito sosai ba. Wato a wannan irin gwajin, ramin da ya yi fari-fari shi ne mai labari, mai launi sosai kuwa shi ne wanda bai taɓa haɗuwa da cutar ba. Ba ido ake bari ya yanke hukunci ba: wata na'ura ce ke harba haske ta cikin kowane rami, ta auna yawan da ya wuce, ta mayar da shi lamba a kwamfuta.

ELISA tana faɗin cewa an taɓa kamuwa, amma ba ta faɗin da wane iri. Nan sai a koma wani tsohon gwaji da ake kira HI, wanda ya girmi kwamfuta, kuma har yau ba a yar da shi ba. Dabararsa mai ban sha'awa ce. Idan aka ɗiga jajayen ƙwayoyin jinin kaza a rami mai tsinin gindi, za su gangara su taru su zama ɗigo ja. Idan aka haɗa su da ƙwayar murar tsuntsaye, ƙusoshin H za su riƙe su su saƙa su kamar raga, sai su bazu, ɗigon ya ƙi fitowa. To idan aka fara gauraya ƙwayar H5 da ruwan jinin agwagwar da ta taɓa yaƙi da H5, antibodinta za su rufe ƙusoshin, jinin kazar ya gangara abinsa, ɗigo ya dawo. Ana tsarma ruwan jinin ninki-ninki, ɗaya cikin 2, cikin 4, cikin 8, cikin 16, a ga inda ƙarfinsa zai tsaya. A ƙa'idar Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wanda ya ci gaba da hanawa har zuwa ɗaya cikin 16 ana lissafa shi a matsayin ya taɓa kamuwa.

Abin da jini ba ya faɗa

Tarihin kiran waya yana zuwa da rana da lokaci. Na agwagwa ba ya zuwa da su. Tsuntsun da aka kama a Nguru a watan Janairu da antibodin H5 wataƙila a Rasha ya kamu tun watan Agusta, ya warke kafin ya taso. Haka kuma gwajin ba ya bambance H5 mai sauƙi da H5 mai kisa. Sanin wannan sai an kama ƙwayar cutar kanta an karanta jerin halittarta, musamman wani ɗan gurbi a jikin H da ke nuna ko za ta iya bazuwa a duk gaɓoɓin kaza. Samfuran 2006 sai da aka kai su Padova a Italiya kafin a tabbatar. Yau akwai na'urar karanta jerin halitta irin MinION ta kamfanin Oxford Nanopore, wadda ke shiga aljihu kuma ake jona ta da laftof ta USB, ko da yake sinadaran da take ci suna da tsada.

Saboda haka idan aka ji labari cewa an sami antibodi a agwagin wani tafki, ba yana nufin annoba ta sauka ba, ba kuma yana nufin tsuntsayen na yaɗa cuta a ranar ba. Amfanin sakamakon yana fitowa ne idan aka haɗa shi da sauran bayanan da aka rubuta. Kirinjijiya da damina take ƙyanƙyasa, a nan yankin. Idan aka sami 'yar bana, wadda ta wuce makonnin farko da take riƙe da kariyar da ta gada ta cikin ƙwai, kuma jininta na ɗauke da antibodin H5, to a kusa ta kamu, kuma kwanan nan. Wannan shi ke gaya wa likitoci tafkin da za su koma da auduga da kuma ƙauyukan da za su faɗakar. Akwai wata fa'ida kuma: kazar da aka yi wa allurar rigakafi ita ma jininta na nuna antibodi, abin da kan rikita lissafi a ƙasashen da ke rigakafin. Agwagwar daji ba wanda ya taɓa yi mata allura, don haka shaidarta ba ta da gauraye.

Agwagwar da aka goya wa na'ura

A watan Fabrairun 2007 masu bincike suka kama tsuntsaye a dausayin Haɗeja da Nguru, suka ɗauki samfura, suka goya wa wasu ƙananan na'urori masu aiki da hasken rana, waɗanda nauyinsu bai kai na ƙaramar waya mai tocila ba. Na'urar na aika sigina zuwa tauraron ɗan'adam, mai bincike na zaune a ofis yana ganin inda tsuntsu ya kwana. Sai bayan an sake su sakamakon gwaji ya fito: an sami H5N2 mai tsarin halitta irin na masu kisa a jikin kirinjijiya da ɗinya, dukansu kuwa lafiya ƙalau a ido. Ɗaya daga cikin kirinjijiyoyin da suka kamu tana cikin masu goyon na'ura. Aka bi ta kwana 47, ta yi tafiyar sama da kilomita 600 har cikin ƙasar Chadi. An wallafa binciken a 2008, ya zama ɗaya daga cikin hujjoji ƙalilan na wancan lokaci cewa tsuntsun daji na iya ɗaukar irin wannan ƙwaya ya rayu, har ya yi doguwar tafiya.

Wannan bai sa a ɗora wa agwagwar daji duk laifin ba. Nazarin jerin halittar ƙwayoyin 2006 ya nuna sun shigo Nijeriya ta hanya fiye da ɗaya, kuma an daɗe ana muhawara tsakanin masu cewa tsuntsaye ne da masu cewa fatauci ne. Abin da ba a musu a kai shi ne, da zarar cutar ta shiga kaji, mutane ne ke yi mata dako: kwandon kaji a bayan babur, kiret ɗin ƙwai da ke yawo daga gona zuwa gona, takalmin ma'aikaci, buhun kashin kaji da ake sayarwa taki. Kasuwar kan iyaka irin ta Mai'aduwa, inda dabbobi da kaji da zabi ke haɗuwa daga ɓangarorin biyu, ta fi kowane tafki saurin haɗa tsuntsun wani gari da na wani. A 2008 ma, a jikin agwagwa a kasuwar tsuntsaye ta Gombe aka tsinci wani sabon reshe na H5N1. Shi ya sa FAO da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya suke hana a bi tsuntsayen daji da harbi ko guba. Ba ya kashe cutar, sai ma ya tarwatsa garken zuwa wasu tafkunan, ya kuma sa maharbi ya taɓa abin da bai kamata ya taɓa ba.

Wayar da ke hannu

Ba kowa zai riƙe sirinji ba, amma sa ido yana farawa ne daga wanda ya fara gani. A Janairun 2021 gawarwakin kwasakwasa kusan 750 da aka tarar a gandun tsuntsaye na Djoudj a Senegal ne suka fallasa cewa H5N1 ta iso can. Mai noman rani a bakin Sabke ko yaro mai kiwo da ya ga tsuntsayen ruwa da yawa a mace wuri ɗaya, abin da ake buƙata daga gare shi hoto ne daga ɗan nesa, da adadinsu, da rana, da wurin. Kunna alamar wuri a kyamara, ko tura wurin ta WhatsApp, ya fi dogon kwatance. Ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha ake kai wa, ba dandalin abokai ba. Kada a ɗauka da hannu, kada a kai gida a fige, kada a jefa wa kare. Cutar ba ta cika kama mutum ba, amma idan ta kama ba ta da sauƙi: cikin mutum sama da 800 da aka tabbatar sun kamu da H5N1 a duniya tun 2003, kusan rabi sun rasu, ciki har da wata matashiya a Legas a Janairun 2007. Naman kaza da ƙwai da suka dahu sosai, zafin ya kai digiri 70 har ciki, ba sa ɗauke da ita.

Mai kaji kuma ya lura da mutuwar farat ɗaya, kumburin kai, zanko ya koma shuɗi-shuɗi, ja-ja a ƙafafu, ko ƙwai ya ragu kwatsam. Sai dai cutar Newcastle, wadda ke kwashe kajin gida kusan kowane hunturu, tana kama da wannan ƙwarai, har likita ba ya rantsuwa da ido. Akwai ɗan gwajin gaggawa mai kama da na zazzaɓin cizon sauro da ke nuna layi cikin kamar minti goma sha biyar, amma yakan kuskure, don haka sai Vom ta yi magana. Abin da ya fi cutar da kowa shi ne al'adar kwashe kaji marasa lafiya a ruga kasuwa da su kafin su mutu. A 2006 diyyar da gwamnati ta fara sanarwa Naira 250 ce kan kowace kaza, ƙasa da farashin kasuwa, kuma hakan ya sa wasu suka gwammace su ɓoye ko su sayar.

Mai son tantance labarin da aka turo masa zai iya shiga shafin WAHIS na Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ko EMPRES-i na FAO, inda ake sa ɓullar da aka tabbatar a taswira, kyauta. Mai sha'awar tsuntsaye kuwa akwai aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar APLORI ta Jami'ar Jos ke jagoranta, wanda 'yan sa-kai ke ciyarwa da manhajar BirdLasser: ka ga tsuntsu, ka danna sunansa, waya ta ɗauki wurin da lokacin. Manhajar Merlin Bird ID tana taimaka wa sabon shiga ya gane jinsi daga hoto. Daga irin wannan rajista ce mai bincike ke sanin wane tafki kirinjijiya ke taruwa a watan Disamba, kafin ya ɗauki raga da kula ya kamo hanya daga Vom.